Idan maigida zai tafi ci-rani: yadda za ku riƙe zuciyar juna har ya dawo

Da zarar an gama yankan dawa an kai amfani gida, ƙauyukanmu sai su koma na mata da yara da tsofaffi. Duk wanda ya san yankin Ringim, Taura, Garki, Ɓaɓura har ka gangaro Ɗambatta da Gabasawa ya san abin da nake faɗa, daga watan sha ɗaya zuwa sha biyu motoci suke ta kwasar maza majiya ƙarfi, wasu Legas wasu Fatakwal wasu Abuja wasu Anacha, wani acaɓa wani dako wani gadi wani tura baro ko yankan farce, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa wajen watan biyar ko shida. Ana maganar kuɗin da ci-rani yake kawowa ana maganar wahalar hanya, amma abin da yake yi wa zuciyar miji da mata ba a cika taɓa shi ba, saboda mu mutane ne masu kawaici, mace in ta ce tana kewar mijinta a gaban mutane sai a ce ba ta da ta ido.

Toh ni abin da na lura da shi, nisan kansa ba shi ne yake lalata zaman ba, akwai waɗanda shekara da shekaru suna wannan tafiyar kuma gidansu lafiya lau. Abin da yake cinye mutum shi ne rashin tabbas. Ba ta san yaushe zai kira ba, ba ta san yaushe aike zai zo ba, ba ta san ranar dawowa ba, ba ta san maganar wa yake ji a kanta ba. Shi ma can bai san me ake ciki a gida ba sai abin da aka ga dama aka gaya masa. Duk matakan da zan kawo a nan manufarsu ɗaya ce, a rage wannan rashin tabbas ɗin.

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, da shi da abokin aikinsa James Robertson sun bibiyi ƙananan yara da aka raba da iyayensu mata, kamar waɗanda aka kwantar a asibiti, suka ga yaron yana bin hawa uku. Farko kuka da bore, sai ya koma shiru da baƙin ciki, daga ƙarshe sai ya janye zuciyarsa har uwar ta zo ya yi kamar bai damu da ita ba. A 1987 wasu masana biyu a Amurka, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka nuna cewa shaƙuwar manya a soyayya ma irin wannan igiyar ce take riƙe da ita. Ɗan'uwa dan Allah ka riƙe wannan, lokacin da take maka filashin ba dare ba rana tana mita tana cewa ka manta da su, wannan alamar har yanzu zuciyarta tana wajenka ne. Ranar da ta daina, ka kira ta ce lafiya lau ba komai sai anjima, kai kuma ka ce alhamdulillahi ta yi hankali, to a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi.

Mataki na farko: zaman da za ku yi kafin ya ɗau jaka

Ba ranar tafiya ake wannan zaman ba, ranar tafiya gida cike yake da masu sallama da masu ba da saƙo. Ku yi shi saura kwana uku ko huɗu, da daddare bayan yara sun yi bacci, ku biyu kawai. In mata biyu gare ka kowacce zamanta daban a ranar girkinta, kar ka haɗa su ka yi musu jawabi kamar taron siyasa, kowacce tana da abin da ba za ta faɗa gaban 'yar'uwarta ba.

Ku fara da abinci don shi ne ya fi kawo rigima. Dami nawa ne a rumbu ko buhu nawa, kwano nawa ake ci a sati, wa zai riƙa fitarwa. In Inna ce ko Baba ko yayanka yake riƙe da makulli to a faɗa a fili gaban kowa cewa duk ranar kaza za a auna wa wance kwano kaza, ba sai ta je ta durƙusa ta roƙa ba. Wallahi akwai matar da za ta gwammace ta kwana da yunwa da ta je ta ce wa surukarta hatsi ya ƙare, ba girman kai ba ne kunya ce, kai kuma kana can kana cewa ai na bar musu abinci. Sannan hatsi kaɗai ba ya zama tuwo, akwai kuɗin niƙa, daddawa, gishiri, magi, mai, sabulu, itace, ga kuɗin laraba na yara. Ku lissafa su tare, ita ta fi ka sanin farashinsu.

Sai maganar aike. Yanzu kusan kowace kasuwa akwai mai POS, abin ya yi sauƙi, amma ta hannun wa kuɗin zai bi? Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: na mahaifiyarka daban, na matarka daban, kuma kowacce ka gaya mata da bakinka nawa ka turo mata. Wannan ba raba kan gida ba ne, kare mutuncin kowa ne, don in ka tura dunƙule ka ce a raba, ranar da bai isa ba Inna za ta ga matarka almubazzara ce, matarka za ta ga Inna ta danne, alhali kuɗin ne bai kai ba. In a hannun ƙaninka za a riƙa cira to ka kira ta ka ce na turo kaza, a cire kuɗin caji saura kaza. Kuma kar ka yi alƙawarin abin da ya fi ƙarfinka don ka burge ta a daren, ƙaramin abu da yake zuwa a kan lokaci ya fi kwantar da hankali a kan babba da ba a san ranarsa ba.

Abu na uku shi ne izini, kuma wannan rai yake ceta. Ka ba ta izinin fita tun kafin ka tafi, ka faɗa gaban iyayenka: asibiti ko ita ko yaro ba sai an neme ni ba, awon ciki duk ranar da aka ba ta, in naƙuda ta zo a kai ta asibiti, gaisuwar iyayenta duk bayan kaza, ta'aziyya da suna na dangi na kusa. Yaro zai kwana yana zazzaɓi yana suma, mace tana zubar da jini, ana ta neman lambar maigida ba ta shiga, kowa yana tsoron ya ce a tafi. Ka ajiye wani abu a hannunta wanda ba na cefane ba ne, na mota ne da magani, ka kuma yi magana da mai babur ko mai mota ɗaya a garin wanda za a iya tasa da tsakar dare.

Na ƙarshe ranar dawowa. Ko ba ka san ranar ba ka san watan, ka faɗa. Mutum yana iya haƙurin abin da ya san ƙarshensa.

Kuma a wannan daren, bayan an gama lissafi, ka gaya mata tafiyar nan tana maka nauyi. Ba sai ka yi irin na fim ba, "wallahi ba don dole ba da ban tafi na bar ki ba" ya isa, za ta riƙe wannan jimlar wata shida.

Mataki na biyu: waya

In da hali ta samu wayarta ta kanta, ko ƙaramar nan ce mai tocila. Matar da sai ta ari wayar ƙanin miji, ta yi magana a tsakar gida facaloli suna kasa kunne, ba hira take da mijinta ba rahoto take bayarwa. Ku tsayar da rana da lokaci. In garinku sabis sai an fita bayan gari ko caji sai ranar kasuwa, to ku ɗaura abin a kan ranar kasuwar, misali masu cin Gujungu ko Ɗambatta ranar Lahadi, masu cin Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, a kai caji da safe a dawo da ita da yamma, bayan isha'i ka kira. Sau biyu a sati da aka san da shi ya fi kira goma yau sannan shiru na kwana ashirin. In ranar ta zo ba ka da kati, ko filashin ka yi. Ku ma yi yarjejeniya a kansa, filashin ɗaya lafiya nake na tuna da ke, biyu a jere akwai magana, uku gaggawa ce a nemi kati ko ta halin ƙaƙa. Ba ya cin ko sisi amma yana hana zuciya saƙe-saƙe.

Yanzu me za a faɗa. Yawancin mazanmu ga yadda wayar take: ya gida, ya yara, ya su Inna, akuyar nan ta haihu, to ba ni Inna. An tambayi kowa har akuya ban da ita. Ɗan'uwa ka ware minti biyar nata ne ita kaɗai, kar ka sa a sifika, ka tashi daga cikin abokan kwananka. Ka tambaye ta ke ya jikinki, kina samun bacci kuwa, me ya ɓata miki rai a satin nan, me ya ba ki dariya. In ta fara faɗa kar ka yi saurin yanke hukunci ko ka ce ki yi haƙuri kawai, haƙuri kalma ce mai kyau amma in ta zo kafin a gama sauraro ma'anarta ki yi shiru. Ka bari ta kai ƙarshe, ka maimaita mata abin da ka ji, "wato abin da ya fi miki ciwo shi ne a gaban yara aka faɗa miki", daga nan ne haƙurin zai shiga. Kai ma ka ba ta labarin inda kake, abin da ka ci, inda kake kwana, wani abin mamaki da ka gani a Agege ko Alaba Rago. Wurin da ba ta taɓa gani ba zuciyarta za ta zana shi da kanta, kuma zuciya mai kewa ba ta zana abu mai kyau.

'Yar'uwa ke ma ga naki. Na san buƙatu sun taru, gari ya ƙare, yaro ba takalmi, an faɗa miki magana, kuma katin minti kaɗan ne. Amma in yana ɗaga waya abin da zai fara ji kenan kullum, zai fara jin tsoron kiranki, ba don ba ya sonki ba sai don duk kira yana tuna masa gazawarsa. John Gottman, wani masani da ya yi aiki a Jami'ar Washington a Amurka, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata suke gardama, ya gano cewa yadda aka buɗe magana a mintuna ukun farko yawanci shi yake nuna yadda za ta ƙare. Saboda haka ki fara da shi, ya aiki ya gajiya, Allah ya ƙara buɗi, sannan ki kawo buƙatar kai tsaye ba da habaici ba. Duba bambancin "ai ka ajiye mu ka manta, wasu mazan kullum aike suke" da kuma "Malam hatsin da ya rage ba zai wuce kwana goma ba, hankalina ya fara tashi, me kake gani za mu yi". Buƙata ɗaya ce, amma ta farko ta gwada shi da wasu maza, kuma Gottman ya ce a cikin duk abubuwan da suke kai aure ga mutuwa raini ne kan gaba. Wani lokacin kuma ki kira ko ki yi filashin ba tare da kina neman komai ba, ya san ana tuna shi ba don aljihunsa kaɗai ba.

Wani gargaɗi ga masu babbar waya da WhatsApp. Kalaman so tsakanin miji da mata halal ne, ku yi abinku. Amma hoton tsiraici ko muryar sirri kar ku tura, wayar nan tana kwana a shagon caji, tana zuwa wajen mai tura fina-finai, ƙanne suna ɗauka, tana ɓata a mota. Ku faɗa da baki a kira ya wuce.

Mataki na uku: ranar da aka kawo maka magana

Za a kawo, wannan ba makawa. Za a ce an ga ta fita ba lulluɓin kirki, an ga ta tsaya da mai kayan koli, ta yi wa Inna tsawa, ta sayar da hatsi. Ita ma za a gaya mata wane da ya dawo ya ce mijinki ya samu wata mai abinci a can. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma nisa da shiru su ne tsagar. Allah ya riga ya ba mu dokar a Suratul Hujurat, aya ta 6 ta ce a yi bincike in an zo da labari, ta 12 ta hana yawan zato da bin diddigi. A aikace ga yadda za ku yi: tun kafin tafiya ku yi wa juna alƙawari, duk abin da aka gaya min a kanki ke zan fara tambaya kafin na yarda, ke ma haka.

In labarin ya zo kar ka kira a lokacin. Mutum in ransa ya ɓaci zuciyarsa tana bugawa da sauri, a wannan halin kunne ba ya jin bayani, masana sun ce jiki yana buƙatar aƙalla minti ashirin kafin ya sauka, mu kuma an koya mana in kana tsaye ka zauna, ka yi alwala. Ni zan ce ka kwana ma tukunna. Da ka kira ka yi tambaya, kar ka yi tuhuma: "an gaya min kaza, na ce sai na ji daga bakinki". In murya ta fara tashi ɗayanku ya ce mu ajiye zan kira gobe war haka, kuma ya kira ɗin. Kashe waya a fuskar mutum ba tare da an ce yaushe za a dawo kan maganar ba azaba ce, wanda aka kashe wa zai kwana yana juyi.

Tsakanin mahaifiyarka da matarka kuwa kar ka zama alƙali ta waya. Ka saurari Inna da ladabi, ka ba ta haƙuri, ka saurari matarka a keɓe, kar ka kai maganar wannan wajen waccan. In abin ya yi tsanani ka sa wani babba mai adalci a gidan ko limamin gari ya shiga. Kuma dan girman Allah kalmar saki kar ta fito a waya. Ka tambayi malamai za su gaya maka saki ta waya ko ta rubutaccen saƙo yana aukuwa, igiya ce ka tsinke daga nisan kilomita dubu a kan maganar da ba ka gani da idonka ba.

Mataki na huɗu: kowa ya kula da kansa

'Yar'uwa zaman jiran waya kaɗai yana sa ciwo. Ki samu abin da hannunki yake yi, ɗinkin hula, ƙuli-ƙuli, awara, saƙar faifai, kiwon tunkiya ko kaji, ki shiga adashi daidai ƙarfinki, in akwai islamiyyar matan aure ki nemi izini tun kafin ya tafi. Kuɗin da zai shigo yana da amfani amma abin da ya fi shi shi ne yininki ya samu tsari, ki ga mutane, ki ji kina iya wani abu. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko gwaggonki, wadda in kin faɗa mata damuwa za ta kwantar miki da hankali, ba wadda za ta ce ai maza duk haka suke ba.

Ki kuma san bambancin kewa da ciwon damuwa. Kewa tana zuwa tana tafiya, kina iya dariya a tsakani. Amma in aka kai sati biyu kusan kullum ranki a ɓace, abin da kike jin daɗinsa da ya fita daga ranki, bacci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, jiki ba ƙarfi, kina jin ke ba ki da amfani, wannan ciwo ne kuma yana da magani, yana yawan kama mace a bayan haihuwa. A wajenmu yawanci da ciwon kai da faɗuwar gaba da zafin ƙirji yake bayyana, sai a yi ta shan farasitamol ko a ce iska ce. Ki yi addu'a ki yi azkar, sannan ki je asibiti mafi kusa ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar abin da kike ji, in ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure a Jigawa, akwai na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa tunanin kashe kai ko cutar da jariri ya fara zuwa, a ranar za ki faɗa wa wani, ba gobe ba.

Namiji kuma nasa ba a magana a kai sam. Yana kwana a rumfar kasuwa ko kangon gini ko ɗaki ɗaya su goma, ana kama masa babur, ana yi masa kallon baƙo, tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022 da yawa sana'ar ta tsaya musu. Ya yi sati bai samu abin turawa ba, sai kunya ta kama shi, sai ya kashe waya don ba zai iya jin muryarta tana tambaya ba. Ita kuma a gida me za ta fassara shirun? Ya samu wata. Kun ga yadda mutum biyu masu son juna suke cutar da juna ba da niyya ba. Ɗan'uwa in babu ka kira ka ce babu, "wallahi satin nan kasuwa ta ƙi, ki lallaɓa da abin da yake hannunki, ina nan ina nema". Ba zai rage maka girma ba. Kuma ka yi nesa da tiramol da sauran ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfin aiki, suna kama mutum, suna sa saurin fushi, suna kuma taɓa ƙarfin namiji a shimfiɗa.

Maganar sha'awa ma a faɗe ta, don Musulunci bai ɓoye ta ba. An rawaito cewa Sayyidina Umar yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana waƙar kewar mijinta da ya tafi yaƙi, ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, daga nan ya sa wa mayaƙa iyaka, wasu ruwayoyin sun ce wata huɗu wasu shida. Wato mace ma tana da wannan buƙatar kuma haƙƙinta ne. Don haka in kana Kaduna ko Abuja ko kana noman rani a Kadawa ko fadamar Haɗejiya, ba ka da uzurin yin wata biyar ba ka leƙo ba. In kudu kake kuma kuɗin mota ya yi yawa, ka sa zuwa ɗaya a tsakiya cikin lissafinka tun farko, a 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa a tsakiyar rani, ka tara don ita.

Mataki na biyar: dawowa

Mutane suna ɗauka da ya dawo shikenan, alhali rigima da yawa a satin farko take tashi. Ka sanar da ranar da za ka iso. Annabi (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, a hadisin Jabir ya ce a dakata don mace ta samu ta gyara kanta, a wata ruwayar ta Muslim kuma an ambaci kar ya zo yana neman kama su da laifi. Ka ba ta dama ta yi kitso da lalle ta gyara ɗaki, ita ma tana son ka gan ta yadda take so. Tsaraba kuma a cikin ta gida ka ware nata, ko turare ne ko ɗan kunne, ka ba ta a ɗaki.

Daren farko ba na bincike ba ne. Kar ka fara da ina kuɗin da na turo, me ya sa rumbu ya yi ƙasa haka, ina tunkiyar nan. Ka bar shi kwana uku, sannan ku zauna ku yi lissafin a natse, ka fara da godiya don wata shida ita ce uwa ita ce uba. Ta saba yanke shawara da kanta, in ka zo rana ɗaya ka rushe duk tsarin da ta yi za ta ji kamar wahalarta ba a gani ba. Ke ma ki ba shi wuri, ki riƙa shawara da shi ko a abin da kin san amsarsa, kar ya ji ya zama baƙo a gidansa. Ƙaramin yaro zai iya yi maka ƙiwa ya ɓuya bayan uwarsa, ba ita ta zuga shi ba, haka yara suke, ka zauna ƙasa kusa da shi ka bar shi ya zo da kansa.

A shimfiɗa kuma a bi a hankali. Jikin da ya daɗe ba a tare yana jin nauyin juna, musamman mace, sai zuciyarta ta sake sannan jikinta yake sakewa. Hira, wasa, taɓa hannu, yabo, su ne farko, gaggawa tana sa mata zafi kuma zafin yana sa ta fara gudun abin. In a karon farko namiji ya yi saurin gamawa wannan ba ciwo ba ne, doguwar rabuwa ce da ɗoki, yana daidaita da kansa, ba sai an ruga wajen mai maganin ƙarfin maza na kasuwa ba wanda ba a san me aka zuba a ciki ba, mai hawan jini ko ciwon zuciya ma zai iya jawo wa kansa babbar matsala. Ke ma kayan matan da ake cusawa a gaba ki bar su, suna kawo ƙaiƙayi da rauni da ciwon sanyi. In tana jego ko ba ta daɗe da haihuwa ba ka tambaye ta yadda jikinta yake, ku kuma yi maganar tazarar haihuwa tare kafin ciki ya shiga a kan goyo. Kuma ɗan'uwa in ka san ka yi kuskure a can, tsakaninka da Allah tuba ne, amma tsakaninka da ita gwaji ne, ka biya asibiti a duba jininka na ƙanjamau da ciwon hanta da sauran cututtukan sanyi kafin ka kusance ta, wasunsu ba sa nuna alama ko kaɗan, kuma ka faɗa wa ma'aikacin yaushe abin ya faru don akwai wanda sai an maimaita gwajin bayan wani lokaci.

Akwai kuma wadda nata ya wuce duk wannan, miji ya tafi shekara ta zagayo ba aike ba waya ba labari, ko ya dawo da duka da zagi. 'Yar'uwa ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana wajibi ne a kansa, neman su ba rashin haƙuri ba ne. Ki fara da waliyyinki ya samu iyayensa, in ba a dace ba a je wajen liman ko mai unguwa ko dagaci, sannan ofishin Hisba na ƙaramar hukumarku suna zaman sulhun ma'aurata, in duk ya ƙi kotun shari'a tana sauraron ƙarar matar da aka bari ba ciyarwa ko mijinta ya ɓace. Ki riƙe ranar da ya tafi da ranar aikensa na ƙarshe da sunayen waɗanda suka san halin da kike ciki, za a tambaye ki su. In kuwa duka ne har ya kai ga rauni, ki fara zuwa asibiti a duba ki a rubuta, ki koma gidanku, a yi sulhun kina can.